Karen Da Ado Ya Hana Shi Numfashi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Wataƙila wani zai yi mamaki da ya ga yau mun keɓe filin nan ga zancen kare. To, kada ya yi. Alƙur'ani mai girma ya ambaci karen As'habul Kahfi, ya kuma halatta abin da horarren karen farauta ya kamo, a cikin Suratul Ma'ida. Abin da ya kawo mu shi ne labarin wani kare na ƙasar Ingila, wanda mutane suka yi ta zaɓen irinsa har ciwo ya zama shi ne siffarsa.

Sunan karen nan buldog, watau karen bijimi. Asalin sunan kuwa wani mugun wasa ne da Turawan Ingila ke yi a dā: a ɗaure bijimi a turke, a sako masa karnuka su cafke shi a hanci, jama'a na kallo suna caca. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana haɗa dabbobi faɗa, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Majalisar Ingila ta hana wasan a 1835. Karen wancan zamani ƙaƙƙarfa ne mai zafin nama, ƙafafunsa da bakinsa duk sun fi na yanzu tsawo, don aikinsa na bukatar gudu da dogon numfashi.

Da aikin ya mutu sai aka mai da shi abin kallo. A 1859 aka yi gasar nuna karnuka a birnin Niyukasil, a 1873 kuma aka kafa ƙungiyar Kennel Club mai rubuta nasabarsu. Aka tsara siffar da ake so ga buldog: ƙaton kai, gajeriyar fuska, fata mai tamoji, da haɓar ƙasa da ta zarce ta sama. Alƙalan gasa suka dinga ba da lamba ga wanda siffar ta fi tsananta a jikinsa, masu kiwo kuma suka dinga haɗa shi da danginsa na kusa don ta ƙara fitowa. Da yake an hana shigo da baƙon jini, duk wani aibi da ke cikin gidan sai ya yi ta ninkuwa.

Ga abin da ya biyo baya. Ƙasusuwan fuska sun gajarta, amma naman da ke ciki bai ragu daidai da su ba, tamkar wanda ya rage ɗaki bai rage kaya ba. Ƙofofin hanci suka tsuke, naman ganɗa na baya ya yi tsawo har yana toshe maƙogwaro. Shi ya sa za ka ji da yawansu suna minshari alhali idonsu biyu, waɗansu ma sai a zaune suke barci don tsoron shaƙewa. Kare ba ya gumi kamar ɗan Adam, da haki yake fitar da zafin jikinsa. In hanyar iska ta ƙuntata, ɗan gudu kaɗan cikin rana na iya kashe shi. Kamfanonin jiragen sama da dama sun daina ɗaukar irinsa a ma'ajiyar kaya saboda yawan mutuwa a hanya.

Haihuwa ma ta gagara. Kan ɗan kwikwiyo ya yi girma, ƙugun uwa ya yi ƙunci. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2010 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar buldog sai an yi wa uwar fiɗa. Barbara kanta sau da yawa sai da hannun mutum. Ga ƙuraje da wari a tsakanin tamojin fata, ga gyambon ido, ga murɗaɗɗen wutsiya da ke tafe da lalacewar ƙashin baya. A 2022 Kwalejin Likitocin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ta lissafta cewa buldog na Ingila kan rayu shekara 7.4, alhali wani ɗan ƙaramin kare mai dogon baki da ake kira Jack Russell kan kai shekara 12.7. Tun a 2016 kuwa masana a Jami'ar Kalifoniya suka auna jinin buldog 102, suka tarar jinin ya ƙuntata ƙwarai, har gyara irin daga cikinsa zai yi wuya sai an shigo da wani jini.

Ba mu cewa mutanen can sun yi shiru. A 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri da ya tona asirin wannan kiwo, a 2009 Kennel Club ta sake tsarin siffofinta. Ƙasar Holan, tun 2019, ta hana haɗa irin karen da bakinsa bai kai sulusin tsawon ƙoƙon kansa ba. A Norwe wata kotu ta hana kiwon irin buldog a 2022, ko da yake kotunan sama sun ɗage hanin. Amma kasuwa ba ta saurara ba: a 2022 ƙaninsa, buldog na Faransa, shi ya fi kowane kare yawan rajista a Amurka, ya ture Labrador da ya yi shekara 31 yana kan gaba.

To, mene ne matsayin wannan a shari'a? Zaɓen iri shi kansa ba laifi ba ne. Larabawa sun kiyaye nasabar dawakinsu, har Ibnul Kalbi ya wallafa littafi a kanta. Bafillace yakan zaɓi bijimin da zai bari cikin garke, manomi yakan ware zangarniyar da ta fi kyau don shuka. Amma su duka ƙarfi suke nema da lafiya da amfani. Dokin da ba ya iya numfashi babu mai son ɗansa. Mai kiwon buldog kuwa, abin da yake zaɓa shi ne ciwon da kansa, don gajeriyar fuskar da ake saye ita ce mai shaƙe karen.

Suratun Nisa'i, aya ta 119, ta ba da labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na umurtar mutane su canza halittar Allah. Malaman tafsiri sun yi saɓani kan abin da ake nufi: waɗansu suka ce dandaƙa da makamantanta, waɗansu suka ce canza addinin da aka halicci mutum a kansa. Saboda haka ba za mu ɗora wa ayar hukuncin da magabata ba su haɗu a kansa ba. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa ta ishe mu. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Masar a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mai ita, cikinsu har da kada a ɗora mata abin da ba ta iyawa. Wane kaya ya kai nauyin jikin da ba ya barin mai shi ya sheƙi iska? Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, da na mutumin da Allah Ya gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin da ya motsa zuciyar mutumin nan shi ne hakin da ya ga karen yana yi. Yaya kuma wanda ya biya kuɗi a haifar masa karen da zai yi haki iyakar ransa?

Abin lura a nan shi ne, zaluncin farko da aka hana a 1835 yana da jini da ihu, kowa ya gane shi. Na biyun ya zo da rigar ƙauna. Mai karen yana sonsa, yana kashe masa dukiya, yana jin minsharinsa ya yi dariya. Amma kyakkyawar niyya ba ta buɗe hancin da ya toshe.

Ku 'yan kasuwa kun fi mu sanin cewa mai saye shi ke ba da odar kayan gobe. Shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu. Karen da ba ya jure gudu, a ƙasar da zafin bazara kan wuce awo 40, ba zai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda aka yi masa tayinsa don alfahari, ya haƙura. Wanda kuwa ya riga ya mallake shi, amana ce a wuyansa: ya ba shi inuwa da ruwa, ya kai shi ga likitan dabbobi, kada ya yashe shi, kada kuma ya nemi irinsa.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba kajin gidan gona da kan isa yanka cikin mako shida, waɗanda sau da yawa nauyinsu kan fi ƙarfin ƙafafunsu. Allah Ya sa mu zama masu jin ƙan bayinsa, masu magana da marasa magana. Allah Shi ne Mafi sani.