Me ya hana Chicago Bears samun salon kai hari?

A watan Afrilun 2024, ƙungiyar Chicago Bears ta NFL, gasar zari-ruga irin ta Amurka, ta ɗauki Caleb Williams a matsayin zaɓi na farko domin ya zama mai jefa ƙwallo da zai jagoranci hari. Amma ta ƙare kakar da nasara 5 da rashin nasara 12.

Babbar matsalar ita ce ƙungiyar ta rasa alƙibla: ba ta tsaya kan gudu da ƙwallo ba, ba ta kuma gina wa Williams katangar da za ta ba shi lokacin jifa ba. Sau 68 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu, fiye da kowa a gasar.

A watan Nuwamba aka kori mai tsara hari, Shane Waldron, sannan babban koci Matt Eberflus ya bi sahu.

Daga nan ido ya koma kan Ben Johnson, wanda aka ɗauko daga Detroit Lions a Janairun 2025. A lokacin, ana ganin cewa idan bai gyara 'yan gaban da ke kare Williams ba, sabon tsarin ma a takarda zai tsaya.