Samun Gurbi Ba Shi Ne Kammala Digiri Ba: Ɗaliban Karkarar Kebbi Na Buƙatar Jagora

Ranar da yaro ya samu gurbin jami'a, gidansu a Zauro yakan cika da 'yan taya murna. Uba ya sayar da buhunan shinkafar fadama, uwa ta haɗa yaji da ƙuli-ƙuli, a raka shi bakin titi da addu'a. Bayan zangon karatu biyu sakamako ya fito, wani ya dawo gida shiru, ba wanda ya san takamaiman inda tafiyar ta lalace.

Kebbi na cikin jihohin da gwamnatin tarayya ta lissafa a matsayin waɗanda aka bari baya a ilimin boko. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na guraben na masu maki mafi yawa ne, kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 kuma na irin waɗannan jihohi. Makarantu ma sun matso kusa: jami'ar jiha da ke Aliero tun 2006, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ga ta noma a Zuru, ga Kwalejin Waziri Umaru da ta Adamu Augie a Argungu.

Sai dai wannan tsari iyakarsa bakin ƙofa. Ɗan da shi ne na farko a zuriyarsu da ya shiga jami'a ba shi da wa ko ya da za ta gaya masa yadda ake rajistar kwasa-kwasai a intanet, ko yadda ake lissafin CGPA. Sau da yawa bai san cewa faɗuwa kwas biyu ko uku a shekarar farko na iya bin sa har shekarar ƙarshe ba, ko cewa maki ya yi ƙasa sosai za a ba shi gargaɗi, daga nan sai kora. Wanda ya yi sakandare a ƙauye na fama da Turancin lacca, kuma wataƙila bai taɓa kwamfuta ba sai lokacin jarrabawar JAMB. Ɗaliba mai aure da goyo, da ɗalibi makaho ko kurma, nasu nauyin ya fi haka.

A ƙa'ida kowane aji yana da malamin da ke kula da shi. Amma idan malami ɗaya ne ga ɗaruruwan ɗalibai, ga koyarwa ga makin jarrabawa, aikin kan tsaya a sa hannu kan fom. Ɗan karkara kuma, da kunyar da aka raine shi da ita, ba zai ƙwanƙwasa ofis ya ce ya rikice ba.

Gyaran bai fi ƙarfin makarantun ba. Ya kamata kowane sabon ɗalibi ya samu malami mai ba shi shawara, wanda zai zauna da shi da zarar an yi gwajin farko, tun kafin jarrabawar zango. A haɗa shi da ɗan aji uku ko huɗu na sashensa, aikin da ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi za su iya ɗauka. A buɗe darasin Turanci da kwamfuta kyauta da yamma, a kuma ware malama mace da ɗalibai mata za su iya kai wa kuka. Rancen NELFUND da aka buɗe a 2024 ma yana buƙatar teburi a kowace tsangaya, inda za a taimaka wa wanda bai iya cike fom ba.

Gwamnatin jiha na da nata rabon. Hukumar ba da tallafin karatu ta riƙa neman alƙaluman ɗaliban Kebbi da suka shiga da waɗanda suka kammala a kowace shekara, ta bayyana su ga jama'a. Manomin da ya sayar da shinkafarsa don ɗansa ya yi digiri yana da haƙƙin sanin yara nawa ne ke kaiwa ƙarshe, da kuma wanda aka ɗora wa alhakin riƙe hannun ɗansa idan ya fara tangaɗi.