Gilashin da Kwamfuta ke Zanawa Yana da Iyaka

A da, gilashin tara haske sai an goge shi da haƙuri kafin ya yi aiki. A yau, a ɗakunan binciken haske, kwamfuta kan zana zobba a kan allon ruwan kiristal, zobban su karkatar da hasken leza ya taru wuri guda. A sauya zanen, matattarar ta gusa. Da irin wannan allo ake riƙe ƙwayoyin halitta da haske, dabarar da ta tsiro daga aikin Arthur Ashkin, wanda ya sami kyautar Nobel a 2018.

Sai dai allon ba sumul yake ba. Ƙananan murabba'ai ne, wato fiksel, jere kamar saƙar tabarma, zobban kuwa suna ƙara matsewa in an nufi gefe. Da zarar tazarar zobe da zobe ta gaza fiksel biyu, allon ya kasa zana su, sai gilasan bogi su ɓullo a kewaye, kowanne yana wawurar rabonsa na haske. Allo mai fiksel 1080 a tsaye, kowanne maikiromita 8, in aka haska shi da jan leza mai nanomita 633, ba ya tara haske tsaf a tazarar da ta gaza kimanin santimita 11.

Masu ganin ƙanƙanta fiksel shi ne magani sun yi gaggawa. In fiksel suka matsu, lantarkin ɗaya yakan malala cikin maƙwabcinsa, zanen ya dushe. Abin da ya kamaci mai bincike shi ne ya fara lissafa ƙarfin allonsa, kafin ya aza masa gilashin da ba zai iya ɗauka ba.