Tudu Na Kowa Ne, Suna Na Mai Shi

A watan jiya, sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni wata makaranta na faɗa a Dubeli. Ran nan na kama wani yaro yana satar amsa daga littafin maƙwabcinsa, na hore shi, na kuma yi wa aji dogon gargaɗi a kan cin gumin wani. Da aka tashi sai ga yaron ya biyo ni da kwamfutar wansa a hammata. Ashe shi da wan sun yi wata uku suna gina filin golf a cikin wani wasan kwamfuta, irin wanda ya ke barin mutum ya zana filinsa da kansa. Sun dubi hotunan wani shahararren fili na Amurka, sun kwaikwayi kowane tudu da kowane tafki, har sunan filin suka sa. Ya ce, "Malam, wannan ma satar amsa ce?" Na rasa ta cewa. Amsar da na samo daga baya ita na ke so in kawo muku, 'yan'uwana ɗalibai, don gobe ku ma za a tambaye ku.

A ganina abu biyu ne a nan. Akwai siffar wuri, akwai kuma sunansa da alamarsa. Siffar tudu da kwari ba a rufe ta a akwati, amma suna linzami ne, yana da mai riƙe da shi.

Ga wata shari'a da ta nuna haka. Wani kamfani mai suna Tour 18 ya gina filin golf na sosai kusa da birnin Houston, ya kwaikwayo ramukan waɗansu manyan filaye. Masu filayen Pebble Beach da Pinehurst da Harbour Town suka kai ƙara. A 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa fasalin ramin Pebble Beach da na Pinehurst ba alamar kasuwancinsu ba ce, don haka ba a hana kwaikwayonsa ba. Amma rami na 18 na Harbour Town yana da hasumiyar fitila ta jiragen ruwa, mai zanen ja da fari, wadda kowa ya gani ya san wurin. Wannan kam aka hana. An bar kamfanin ya faɗi ramukan da ya kwaikwaya, muddin ya bayyana cewa masu su ba su da hannu a ciki.

Ko da ya ke wannan fili na ƙasa ne, masu wasan kwamfuta ma a kan wannan hanya su ke tafiya. Kamfanin EA ya sa filin Augusta cikin wasansa na Tiger Woods a 2011, bayan ya sami izinin masu filin, suka bar shi ya auna wurin da na'ura. Ku kuma da kuka saba zuwa gidan gem a Jimeta kun tuna wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami, inda a waɗansu shekaru aka riƙa kiran Arsenal "North London", Manchester United kuwa "Man Red". Ba kuskure ba ne. Ba su sayi izinin sunan ba, sai suka kauce masa.

Wani zai ce, to, yaro ne, ba kuwa sayarwa ya ke yi ba, ina ruwan attajiran Amurka da shi? Gaskiya ne, ban ga asarar da ya jawo musu ba, ba na kuwa goyon bayan a tsorata yaro mai hazaƙa. Da kwaikwayo kowa ya koyi rubutu. Amma ranar da ya saki filin a intanet da sunansu, mai gani zai zaci su suka yi, ko sun yarda. Ya ari bakinsu ke nan ya ci musu albasa.

Bayan doka kuma akwai ladabi. A 2007 Cocin Ingila ya yi kuka da kamfanin Sony, don an sa cikin babbar majami'ar Manchester a wani wasan harbe-harbe ba tare da an tambayi shugabanninta ba. Sony ya nemi gafara, amma ba a janye wasan ba.

To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna da fadar Lamiɗo, da tafkin Njuwa, da duwatsun Sukur na Madagali waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999. In wani kamfani na ƙetare ya zuba su a wasa yana samun kuɗi, ba za mu so a fara yi mana sallama ba? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta kāre al'adun gargajiya daga masu ciniki da su ba izini. Dokar alamar kasuwanci kuwa tun 1965 ta ke. Mu nawa ne a kwalejin nan muka taɓa buɗe ko ɗaya? Abin da mu ke so a yi mana, shi ya kamata mu koya wa yara su yi wa waɗansu.

Da na koma, na ce wa yaron ya bar tuddansa da tafkunansa, gumin hannunsa ne, amma ya cire sunan da alamar. Na kuma ce in ya gama, ya gina wani fili daga Dubeli zuwa bakin Binuwai, ga yashi da rani ba sai an saya ba, ya sa masa sunan da ya ga dama. Ya yi dariya, ya ce sun riga sun fara shawara da wansa.

Allah ya sa mu zama malaman da ba sa kashe zuciyar yaro, ba sa kuma koya masa ɗaukar abin da ba nasa ba.