Yawan Lambobi Ba Shi Ne Gaskiyar Awo Ba

Sakamakon ƙarshe na ƙidayar 2006 ya ce mutanen Jihar Jigawa 4,361,002 ne, alhali na wucin gadi da aka fara fitarwa ya ce 4,348,649. Ƙidaya ɗaya ce, amma tazarar ta haura mutum 12,000. Saboda haka marubucin da ya ce "kimanin miliyan 4.4" ya fi kusa da gaskiya a kan wanda ya rantse da biyun nan ta ƙarshe.

Wannan darasi ya shafi duk mai rubuta rahoton kimiyya da Turanci, tun daga ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, har zuwa malamin gona da ma'aikacin ɗakin gwaji. Turanci na da kalmomi biyu da ake yawan ɗauka ɗaya ne: "accurate" da "precise". Ta farko tana nufin awon ya dace da ainihin nauyi ko tsawon abin. Ta biyu kuwa tana nufin ko sau nawa aka maimaita awon, amsa kusan ɗaya za a samu.

A ce sikelin wani dillali a kasuwar Shuwarin yana nuna kilo 48 duk lokacin da aka ɗora masa buhun riɗi mai kilo 50. Sikelin bai taɓa saɓa wa kansa ba, don haka "precise" ne. Amma ba "accurate" ba ne, kuma manomi na asarar kilo biyu a kowane buhu. Rahoton da ya haɗa kalmomin biyu ya wanke sikelin da ke cutar mutane.

Kuskure na biyu daga kalkuleta yake zuwa. An auna taki kilo 10 a sikelin da ba ya nuna ƙasa da rabin kilo, an raba wa fuloti uku, na'ura ta ba da 3.3333333, marubuci ya kwafe duka. Lissafi ba ya ƙara wa awo ingancin da ma'auni bai ba shi ba. Wani ma sai ya sa "approximately" a gaban doguwar lambar: kalma na cewa ƙiyasi ne, lamba na cewa tabbas ne.

Wasu na ganin taƙaita lamba alamar lalaci ce. Akasin haka ne, domin sai wanda ya san iyakar ma'auninsa ne yake sanin inda zai tsaya. Abin da ya kamata masu duba kundin ɗalibai da editoci su nema shi ne a faɗi na'urar da aka yi awo da ita, a nuna girman kuskuren da za ta iya yi da alamar ±, sannan a ajiye "exactly" sai ga abin da aka ƙirga ɗaya bayan ɗaya, kamar ƙananan hukumomi 27 na Jigawa.