MUDU BIYU A RUMFA ƊAYA

'Yan uwa Hausawan Kafanchan da Zonkwa da Kachia da Kwoi. Maganar yau ba za ta yi wa wasu iyayenmu daɗi ba, to amma a rumfar hatsi na tashi, babu mai ce mini ban san dawan garin ba.

Maganar mudu biyu ce. Akwai mudun saye, akwai mudun sayarwa, kuma kowa ya san da haka, yin shiru kawai ake yi. Na saye an buɗa masa baki, gindinsa ya yi zurfi, shi ake fitowa da shi idan mace ta sauko da masara ko acca daga ƙauye ran kasuwa. Na sayarwa kuwa an bubbuge gindinsa ya shige ciki, shi ake auna wa malamin makaranta da ma'aikacin asibiti. Mutum ɗaya ya ci riba sau biyu kafin ma a zo maganar farashi, sannan a kira la'asar ya tashi ya shiga sahun gaba. Haka sikelin citta. Manomi ya sha wahalar shekara, bayan annobar da ta cinye gonakin citta a 2023, ya kawo ɗan abin da ya tsira, dillali ya zaftare masa kilo kaza da sunan danshi, ya kuma karɓi la'ada.

Na sani ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Na kuma san akwai manomin da ke zuba tsakuwa a gindin buhu. Wannan limaminsa ko fastonsa ya yi masa wa'azi, ni da gidanmu nake.

Wasu suna ɗauka babu doka a kan wannan. Akwai. Tun 1992 gwamnatin soja ta kafa hukumar kare haƙƙin mai saye, sannan a farkon 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta haifi hukumar FCCPC. Dokar ta hana yaudarar mai saye a kan yawan kaya ko ingancinsu, ta hana 'yan kasuwa haɗa baki su tsayar da farashi, ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan da ya tarar da aibu a cikinsu. Wato wannan rubutun da ake yi a ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, ba ya ɗaure kowa idan kayan jabu ne ko lalatattu. Ga kuma dokar awo da ma'auni da ta daɗe a ƙasar nan. A watan Fabrairun 2024 FCCPC ta rufe kantin Sahad da ke Garki a Abuja saboda farashin da ke jikin kanta daban da wanda ake karɓa a wurin biya, a watan nan kuma hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Kano ta garƙame rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. To amma mu faɗi gaskiya, matar da aka tauye wa mudu uku a kasuwar Kafanchan ba za ta rubuta takardar ƙara da Turanci ta aika Abuja ba. Gida za ta koma ta gaya wa mijinta da 'ya'yanta. Kuma ba sunan mai rumfar za ta kama ba, cewa za ta yi Bahaushe ya cuce ta.

Nan ne abin ya shafe ni, ya shafe ka, ya shafi mai shayi da mai gyaran takalmi waɗanda ba su taɓa riƙe mudu ba. Kakanninmu sun cika garin nan tun da layin dogo ya haɗu a nan a 1927, amma har gobe wasu baƙi suke kiranmu. Mun ga 1987. Mun san rikicin Zangon Kataf na 1992 a kan maganar sauya wa kasuwa wuri ya soma. Mun ga kasuwar Kafanchan ta zama toka a watan Afrilun 2011. Ba mudu ne ya jawo waɗannan masifu ba, siyasa ce da tsohuwar gaba, kuma babu tauye awon da ya halatta jinin kowa. Amma ranar da mai ingiza jama'a ya tashi neman hujja, wannan mudun mai bubbugaggen gindi yake ɗagawa, kuma mutane su gaskata shi domin sun taɓa gani da idonsu. Saboda ribar cokali biyu na gero, wani yana sayar da mutuncin unguwa guda.

Abin da ya fi ba ni haushi, mu ne muka fi kowa sanin hukuncin. Yaron da bai yi nisa a allo ba ya haddace Suratul Muɗaffifina. Malamanmu suna ba da labarin mutanen Annabi Shu'aibu da abin da ya hallaka su. Ana tafsirinsa da azumi, a yi ta kabbara, washegari a koma rumfa a ɗauko mudun nan daga ƙarƙashin benci.

Kada mu jira Abuja. Muna da sarkin kasuwa, muna da shugabannin 'yan hatsi da na 'yan citta, kuma idan maganar ƙarin kuɗin buhu ce cikin dare ɗaya suke haɗa kan kowa. To su haɗa kan kowa a kan mudu ɗaya mai hatimi, a rataye irinsa a bakin kasuwa da sikeli a gefensa, duk wanda ya yi shakka, Bajju ne ko Atyap ko Ham ko Bahaushe, ya je ya sake aunawa kyauta. A sa 'yan ƙabilun nan a cikin masu lura da shi, ba mu kaɗai ba. Wanda aka kama a rufe masa rumfa sati biyu ko ɗan gidan wane ne, a kuma cika wa matar awonta a gaban jama'a, ba a bayan shago ana ba ta haƙuri a ɓoye ba.