Wasiƙa daga Dukawuya zuwa ga masu haɗa kwamfuta mai lagireto

Gaisuwa ga iyayen gidanmu na titin Beirut da kasuwar Farm Centre, da ƙannenmu yaran shago, waɗanda yawanci a hannunsu sukundireba take.

Kwamfutocin da ake sanyayawa da ruwa sun fara yawa a teburanmu. Masu tace finafinan Kannywood na son su, haka masu zanen gini da samarin da ke kwana kan wasan gem. Akasarinmu kuwa a YouTube muka ga yadda ake ɗaura fanka a lagireto, wajen mutanen da ke zaune cikin ɗaki mai sanyi, inda ƙura ba ta dame su ba. Mu a Kano zafin Afrilu yakan kai digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hazo ne. Lagireto ba zai taɓa sanyaya ruwa ya gaza zafin iskar da ke ratsa shi ba, saboda haka ɗan sararin da ya rage mana bai kai a yi wasa da shi ba.

Ga shawarata, ko da za ta saɓa wa hoton da ke jikin kwali: ku ɗaura fanka ta yadda za ta zuƙo iska ta cikin lagireto, maimakon ta tura. Wajen sanyi, bambancin ɗauri biyun kaɗan ne ƙwarai. Wajen ƙura ne ake rabuwa. In fanka na turawa, ƙurar tana taruwa tsakaninta da lagireto, ta daskare ta zama wani jan bargo mai laushi da ba ka ganinsa sai ka kwance fankokin duka. In tana zuƙowa, ƙurar na zama a fuskar da take buɗe. In lagireton a gaba yake, a cire murfin gaba, a bi da buroshi mai laushi, shi ke nan. Kwastoman da ke gefen titin BUK, inda motoci ke tayar da ƙura yini guda, ba zai riƙa dawo maka da inji kowane wata ba. Gyaran da zai iya yi da kansa shi ne kaɗai za a yi.

Sai batun sukuru, inda aka fi yin asara. Kaurin fanka ta yau da kullum milimita 25 ne, sukurunta kuma wajen milimita 30. Gajerun da ke cikin leda na haɗa lagireto da ƙarfen akwati ne kai tsaye. Yaro ya ɗauki dogon ya zura a ramin gajere, ya ji ya tsaya, ya ƙara murɗawa da ƙarfi: a lagireto da yawa, bayan ramin nan siririyar hanyar ruwa ce. Wani lokaci ba ya zuba nan take, sai inji ya ɗau zafi ɗigo ya sauka kan katin hoto da ya fi lagireton tsada nesa ba kusa ba. Kuma zaren sukuru ba iri ɗaya ba ne. Corsair, a kayansa da ke zuwa a rufe, na amfani da 6-32 na ma'aunin Amurka, Alphacool M3, Hardware Labs M4. Kada a laluba gwangwanin tsofaffin sukurori a ce duk ɗaya ne. In kaya ɗan gwanjo ne ya zo babu nasa, a gwada tsawon da ido kafin a ɗaure, a sa washa in akwai shakka. A ɗaure kusurwa da kishiyarta, a tsaya da zarar ya kama.

Iska tana fita ta fuskar fankar da ke da sandunan da suka riƙe mota, wasu kuma da kibiya a gefe. A duba kowacce, don fanka ɗaya da ta juya baya a lagireto mai milimita 360 tana ɓata aikin 'yan'uwanta. A kuma nemi fanka mai ƙarfin matsa iska. Ta ado mai fitilu kala-kala sau da yawa ido kawai take burgewa.

Kada famfo ya zama shi ne mafi tsayi a zagayen ruwan. Akwai 'yar iska a ciki ko a sabon kaya, kuma sama take nema. In ta taru a famfo za ka ji yana ƙugi, kwanansa kuma ya ragu. Lagireto a rufin akwati ya fi kwanciyar hankali. In a gaba ne, tiyo ya kasance ta ƙasa in tsawonsa ya isa, kan lagireton ya ɗara famfo. Ledar da ke manne a tagullar famfo, don Allah a ɓare ta kafin a shafa man thermal.

Ranar da za ku miƙa inji, ku nuna wa mai shi inda ragar ƙura take da yadda ake cire ta. In zai hura iska, ya kashe wuta, ya danne fukafukan fanka da yatsa kada su yi ta wulwulawa. Irin lagireton da ya zo a rufe daga kamfani ba a buɗe shi a ƙara masa ruwan leda. Yawanci tagulla da alminiyam ne a ciki, kuma ruwan kamfanin na ɗauke da maganin hana su cin juna. Ku rubuta masa ranar ɗauri a takarda ku manna cikin murfi, ku ce ya leƙo kafin zafin Maris ya kama.

Wassalam, daga ɗan'uwanku a sana'a, Dukawuya, Kano.